Fuskar Alwyn a Kan Indararon Coci

Hobart,
ranar Talata, cikin watan Yuli.

Zuwa ga ƙanwata Glenys,

Ina miƙo gaisuwa mai yawa daga nan inda sanyi ke cin ƙashi, zuwa can Darwin inda kuke kwana da fanka. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Stavros da yara. Allah ya sassauta masa ciwon gwiwar nan da ya hana shi hawa jirginsa, ya kuma ba Eleni sa'ar jarrabawar da take shirin yi. Mu nan lafiya lau muke. Matata Raelene ta warke daga murar da ta kwantar da ita, ta koma dafa tuffa tana ɗurawa a kwalabe kamar wadda aka ce mata za a yi yunwa. Dusar ƙanƙara ta sauko har tsakiyar dutsen da ke bayan gari. Aiki kuma sai godiya, motocina na ɗaga kaya babu wadda ke wuni a gareji.

Na zauna rubutu ne saboda kin kife mini waya. Kin kira, kin yi ta zuba, ban samu inda zan sa baki ba, kika ce ni ba mutum ba ne, sannan kika kife. To, takarda ba a kife ta. In kin ga dama ki yaga, amma na san halinki, sai kin karanta har ƙasa kafin ki yaga. Noeline, matar yayanmu Alwyn, ta gaya miki nata labarin, kuma na ji ta ce in har sassaƙaƙƙen dutsen nan da na ɗora bai sauko daga jikin coci ba, za ta tattara mijinta su bar garin nan su dawo wurinki. Kin ce in sa a sauke shi tun kafin a kai ga haka. Gara in ba ki amsa tun yanzu don kada ki karanta da sa rai: ba zan sauke ba. Abin da ya rage shi ne in gaya miki dalili, daga bakina, ba daga bakin mai kuka ba.

Kin daɗe rabonki da cocinmu, amma na san yana nan a idonki. Yana kan tudunsa, da dutsensa mai launin zuma, sai dai yanzu bankuna da otal-otal sun kewaye shi sun fi hasumiyarsa tsawo. Bencinmu yana nan can baya, kusa da ginshiƙin da ya tsage. Tagar Makiyayi mai ɗauke da ɗan rago ma tana nan, wadda in rana ta bugo ta da safe jan gilashinta ke zuba a kan hannuwan Mama, ke kuma kina 'yar mitsitsiya ki fashe da kuka wai Mama ta yanke. A kwanon dutsen nan na bakin ƙofa aka yi mini baftisma, kwano ɗaya da Alwyn. Ina tuna miki ne don tun muna yara aka mai da cocin nan tamkar gadonsa shi kaɗai. Shi ne mai kai, shi aka bari ya yi karatu har ya zama malamin tarihi. Ni kuwa ina tsakiyar sakandare Baba ya ce ya isa haka, in fito in bi shi tashar jiragen ruwa. Ban taɓa kai ƙarar kowa a kan wannan ba. Da tsohuwar mota ɗaya na fara, ina kwana a cikinta, yau kuma rabin dogayen gine-ginen garin nan da ƙarafana na hawa gini magina suka hau su. Ba wanda ya ɗora ni.

Alwyn kuma ya riƙe makullan coci wajen shekara hamsin. Ba zan rage masa ba, ya san wurin. Ya san fursunonin da suka sassaƙa bakan gizon babbar ƙofa, ya san jirgin da ya kawo gilashin tagogin daga Ingila a nutse cikin gangunan ruwan rake don kada ya fashe a hanya, ya san wace gwauruwa ce ta biya wace taga, da wanda aka ari fuskarsa aka yi wa Bitrus. Amma abin da ya fi so ya nuna wa baƙi shi ne indararon nan na dutse da ke jere a ƙarƙashin rufi, masu munanan fuskoki, wani kamar kare, wani kamar biri, wani mutum ne ya sa yatsu ya wangale bakinsa. Yakan tsai da su a ƙasa ya ce, a ciki tsarkaka ne ke zaune cikin gilashi, a waje kuwa ga waɗanda ba su cancanci shiga ba, shi ya sa aka ba su aikin tofar da dattin rufi. Wata rana na biyo ta wurin cikin kayan aiki, takalmina duk siminti, sai ya nuna ni da lemarsa ya ce wa baƙin, ga ɗaya nan ya sauko shan iska, ku ɗauki hoto kafin ya koma. Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, na ce masa, Farfesa, a gai da alli. Wannan ban riƙe shi ba. Wasa ne na 'yan'uwa, ko da yake kullum ni ne abin wasan.

Abin da na riƙe shi ne na ɗana Dion. Ke ma kin sani, sai dai duk kun yi kamar kun manta. Ya fita kamun kifi, teku ba ta dawo mana da shi ba. Ba gawa, ba kabari, Raelene ba ta da inda za ta kai fure. To, a gefen arewa akwai wata taga fara sol, wadda tun gina cocin ba wanda ya sa mata komai. Na samu mai aikin gilashi ya zana mini ita: ruwa shuɗi, ƙaramin jirginsa, da shi a tsaye cikin rigar ruwansa mai launin lemo, yana ɗaga hannu yadda yake yi in ya hango mu a gaɓa. Na kai zanen gaban kwamitin gini, wanda Alwyn ne shugabansa. Ya ɗaga takardar da yatsu biyu kamar ya tsinto ta a kwata. Ya ce duk tagogin cocin nan na zamani ɗaya ne, launinsu ɗaya, kuma hukumar kula da tsoffin gine-gine ba za ta yarda ba, hukumar da shi da kansa ya yi ta zarya har ta ɗauki cocin a ƙarƙashinta. Da ya tsaya nan, da na haɗiye. Sai ya gyara tabarau ya ce, Dessie, wannan ai allon shagon soya kifi ne, ba tagar coci ba, in talla kake so ka manna a jikin motarka. Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale ta toshe baki. Raelene tana zaune kusa da ni da jakarta a cinya. Ɗan ƙaninsa ne fa, Glenys. Shi ya riƙe shi ranar baftisma. Na naɗe takardata na kama hannun matata muka fita. Duk da haka na sa aka yi tagar, aka ɗaure gilashinta da dalma yadda ya kamata, tana nan cikin akwatin katako a bayan garejina, ba ta taɓa ganin rana ba.

Shekara da shekaru ban ce uffan ba. Kirsimeti mu zauna tebur ɗaya, in yanka masa naman rago in miƙa, ya gyara mini maganata a gaban 'ya'yana, in ce na gode. Bai taɓa ɗauko zancen ba, ban ɗauko ba. Ina jin ya ɗauka abin ya wuce.

Sai bara bangon kudu ya fara ruɓewa. Dutsen nan yana da kyau amma yana shan ruwa, kuma hayaƙin motoci ya cinye shi. Wani guntu ya faɗo ya fasa daɓen hanya, hukumar gari ta zagaye wurin da igiya ta ce ko a gyara ko a rufe coci. Masu zuwa ibada yanzu tsofaffi ne, ba su da ƙarfin wannan aiki. Wa kike jin ya shigo ofishina? Fada Rupert ne, sabon limaminmu, da Alwyn a bayansa riƙe da hula a ƙirji. Ranar ya kira ni Desmond, cikakken sunana, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Na ce masa, Farfesa, a kula da kujerar, akwai baƙin mai. Na ba su ƙarafan hawa, na ba su motar ɗaga kaya da direbanta, na ɗauki nauyin dutse da masassaƙi. Kuma ki yarda da ni, a lokacin ban shirya komai ba. Cocin Mama ne, ba zan bari a sa masa kwaɗo ba.

Masu sassaƙar dutse suna da wata al'ada tun ta kakanninsu. In tsohuwar fuska ta goge har ba a gane ta, kuma ba hotonta, ba sa ƙirƙiro ta banza, sai su ɗauki fuskar wani mai rai daga cikin mutanen wurin su sa. A aikinmu akwai gurbi iri biyu. Akwai ƙananan kawunan nan biyu da ke gefen babbar ƙofa, inda ake sa mutanen kirki, kowa ya shiga ya wuce ta tsakaninsu. Akwai kuma indararo ɗaya da ya karye gaba ɗaya, daidai saman ƙaramar ƙofar gefe, wadda Alwyn ke buɗewa kowace safiya. Kwamiti ya zauna a ɓoye ya yanke a karrama shi da ɗaya daga cikin kawunan babbar ƙofa. Ana cikin haka ya faɗi a bakin bagadi yana gyara kyandir, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Noeline ta tare a asibiti. Sai Fada ya ce da ni, Des, kai ne ɗan'uwansa, kai ke biyan masassaƙi, ka nemo hoto mai kyau ka ƙarasa mana wannan, mu ba shi mamaki in ya fito. Na ce ya bar mini.

Na je duba Alwyn a asibiti da rana. Noeline ta fita neman shayi. Yana kwance, ido ɗaya ya zazzago, bakin ya karkace ya yi ƙasa, yana ta kokawa ya ce mini wani abu, harshen ya ƙi, sai miyau ke bin gefe ɗaya yana sauka a kan matashi. Bakin nan ne fa, Glenys, wanda ya koyar da rabin garin nan, wanda ya ce allon shagon soya kifi. Na tsaya a kansa ina kallo, sai na ga ai an riga an gama sassaƙar, saura a mai da ita dutse. Na ciro waya na ɗauka, ta gaba da ta gefe. Yana kallona da ido mai lafiyar. Na ce masa, yi murmushi, Farfesa, na tarihi ne.

Masassaƙiyar mace ce, Ilka sunanta, daga Bendigo aka ɗauko ta, damatsanta kamar na masu sauke kaya a tasha. Ba ta san kowa a garin ba. Da na nuna mata hotunan na ce a kan indararo nake so, ta daɗe tana dubawa, ta ce, Maigida, wannan ai marar lafiya ne. Na ce mata yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk garin nan babu mai son indararon nan kamarsa, rabin ransa ya ƙare yana tsaye a ƙarƙashinsu yana nuna wa baƙi, in tana shakka ta tambayi kowa. Ta tambaya, kowa ya ce haka ne. Ko ƙarya ɗaya ban yi mata ba. Kawunan ƙofa kuwa na ce ta mai da su yadda take jin suke a da, bishop da sarauniya. Ta shiga rumfarta ta kama aiki. Gwana ce ta gaske, ba zan ci amanar aikinta ba. Ta fito da tabaransa a kan karan hanci, da 'yan gashin nan da yake kwantarwa a kan sanƙo, da wuyan rigarsa a ɗaure tsaf, har da jijiyar da ke tashi a wuyansa in yana neman magana. Da ta zo sa bututun dalma ta ce tunda bakin a karkace yake, ruwan ba zai fito tsakiya ba, ta gefe zai zubo. Na ce haka nake so. Ranar ɗora shi na sauke direbana na hau motar da kaina, ko da yake na daɗe rabona da ita. Na ɗaga shi a hankali na kwantar a gurbinsa, ko ƙwarzane bai yi ba. Aka lulluɓe da tamfol.

An sa ranar buɗewa wata Lahadi bayan an sallami Alwyn daga asibiti. Noeline ta sa masa kwat ɗinsa ta aure, ta maƙala masa fure a ƙirji, ta turo shi cikin keke. Ashe ta kasa riƙe sirri, ta raɗa masa cewa za a karrama shi. Bishop ya zo, mawaƙa suka fito waje da fararen rigunansu, ga 'yan yawon buɗe ido sun tsaya kallo. Aka fara da babbar ƙofa. Na ga yana ɗaga kai da ƙyar yana duba kan dama, yana duba na hagu, yana neman kansa. Fada ya juyo ya dube ni. Na ce, ranka ya daɗe, na yayana yana gefe, a biyo ni. Muka zagaya, ana yayyafi. Ni na ja igiyar.

Tamfol ya faɗo, fuskar ta bayyana a gaban kowa. Baƙin nan da ba su san komai ba su suka fara dariya, suka ɗaga wayoyi. Sai ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ga mai keke, ya sake duban sama, ya sake dubansa, ya zunguri matarsa, suka juyo da wayar kansa. Ana haka ruwan ya kece. Rufin nan babba ne, ba ya daɗewa yake tara ruwa. Muka ji yana gudu a cikin bango, sai ga shi ya ɓullo ta gefen bakin, ya kwararo ya fashe a kan daɓe daidai gaban kekensa, ya jiƙa masa takalma. Ya buɗe baki zai yi magana, abin da ke faruwa a sama shi ya faru a ƙasa. Noeline ta ciro hankici tana goge masa. Na sunkuya na ce masa, to Farfesa, ni aka ce na sauko, kai ga shi ka hau, sai a yi ta aiki. Noeline ta ce, Allah ya isa tsakanina da kai, Des. Na ce mata ta ja shi baya, yana jiƙewa. A zauren shan shayi ba wanda ya zauna kusa da ni. Na sha shayina, na ci kek ɗina, na tashi.

Tun ranar bai sake taka cocin ba. Ya aika wa Fada da makullan cikin ambulan. Noeline ta ce ko asibiti za su sai ta zagaya ta bayan gari, don in motar ta doshi tudun sai ya fara buga ƙofa da hannu mai lafiyar. Ilka ta bugo mini ta zage ni tas, har da kuka, ta ce za ta zo ta sake fuskar ba ta son ladan komai. Na ce mata ta zo da fukafukanta, don na riga na kwashe ƙarafana. Fada ya zo shi ma, ya yi mini wa'azi a tsaye, ya ce abin da na yi ba na Kirista ba ne. Na ce masa, ranka ya daɗe, dutsen da ya riga ya shiga jikin bangon nan ba a taɓa shi sai da yardar hukumar tsoffin gine-gine, kuma ba ni na kawo ta ba. In ma ta yarda, sai an sake kafa ƙarafa an kawo mota, kuma a garin nan mai ba coci waɗannan kyauta mutum ɗaya ne, yana gabanka. Ya sa hularsa ya fita. Baƙi kuwa yanzu ta ƙofar gefe suke farawa.

Abin da Noeline ba ta gaya miki ba, na tabbata, shi ne zuwansu garejina makon jiya. Ta faka a tsakiyar fili tsakanin motocina, ta sauke gilashi, ta ce yana son magana da ni. Raelene ta kawo mini abincin rana, tana wurin. Na je na jingina da ƙofar motar. Ya rame, kwat ɗin ta yi masa yawa. Ya daɗe yana fama kafin kalmomin su fito, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana ciro ƙusa daga katako. Ya ce taga. Ya ce Dion. Ya ce a sa. Noeline ta ƙarasa masa, ta ce ya sa ta rubuta wa hukumar da sunansa, su kuma har yanzu suna jin maganarsa, Fada ma ya yarda. A sa tagar Dion a gefen arewa, ni kuma in kawo ƙarafa a sauke dutsen. Na ji kwanon abincin ya faɗi daga hannun Raelene.

Ba zan ɓoye miki ba, na ga tagar a idona a lokacin, na ga ranar safiya ta ratsa rigar nan mai launin lemo ta zuba a kan benci. Amma na dubi mutumin nan na tambayi kaina, yaushe tagar ta daina zama allon shagon soya kifi? Launinta bai canza ba, zamanin cocin bai canza ba, hukumar ita ce dai ta da. Abu ɗaya ne ya canza, yanzu shi ke jin zafi. Ashe tun can yana iya rubuta wannan takarda, da hannu mai lafiya, da baki mai lafiya, lokacin da uwar yaron ke fita bakin teku da fure tana jefawa a ruwa. Bai rubuta ba. Yau ya ɗauko mini ɗana ya kawo kasuwa zai musanya da fuskarsa. Na ce masa, Alwyn, Dion ba na musaya ba ne. Na ce wa Noeline ta yi a hankali wurin fita, akwai rami a bakin ƙofa.

Raelene ta tsuguna tana kwashe abincin daga ƙasa da hannu. A gida ta roƙe ni, irin roƙon da ba ta taɓa yi mini ba tun aurenmu. Ta ce ita ba ruwanta da Alwyn, ba ruwanta da indararo, wuri kawai take so ta zauna ranar Lahadi ta ga ɗanta. Ta ce, Des, kai ka rama, ni fa? Na ce mata in tagar nan ta hau ta wannan hanya, duk ranar da na dube ta fuskar Alwyn zan gani. Ta koma ɗakin Dion da kwana. Tana yi mini girki, tana amsa gaisuwata. Za ta huce ko ba za ta huce ba, wannan tsakanina da ita ne, kada ki kira ta ki ƙara zuga ta.

Saboda haka ki gyara musu ɗaki. Na ga an kafa allon sayarwa a ƙofar gidansu, ashe Noeline da gaske take. Ki ba su na ƙasa, ba ya iya hawa bene. Shayinsa da tsinken roba yake zuƙa yanzu, kuma kada ki cika zafi, ba ya jin ɓarin bakinsa, yana ƙonewa bai sani ba. In ya fara magana kada ki ƙarasa masa, yana jin haushi. Zafinku zai wahalar da shi da farko, mutumin da bai taɓa kwana wata guda a wajen garin nan ba, amma zai saba. Ni ba zan je filin jirgi ba, kuma ba na jin ana nemana a can. Ke kuwa ƙanwata ce, ƙofata a buɗe take gare ki ko kin yafe mini ko ba ki yafe ba, don ban nemi yafewar kowa ba.

Ki gai da Stavros, ki ce ya bi maganar likita ya daina taurin kai. Ki gai da Eleni da Manoli, da surukarki Kyria Fotini, Allah ya ƙara mata lafiya. Raelene ba ta san ina rubutu ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaishe ki. In Alwyn ya iso ya huta, zai tambaye ki labarin cocinsa, don na san ba zai iya daurewa ba. Ki ce masa kada ya damu. Nakan faka a tsallaken titi in duba duk ranar da hadari ya haɗu, indararon mai fuskarsa yana nan a bakin aikinsa, bai taɓa fashi ba.

Ni ne yayanki,
Desmond